Yadda Ake Zaɓen Irin Shinkafa Mai Jure Fari, da Yadda Za Ka Gwada Shi a Gonarka

Duk shekara idan bazara ta kawo jiki, masu sayar da iri sukan cika kasuwanni da magana ɗaya: wannan iri ba ya jin fari. Manomi ya sayar da akuya ya saya, ya shuke gona guda, ruwa ya ɗauke mako biyu daidai lokacin da shinkafa ke da ciki, kaka ta yi ya tarar rabin zangarniya fanko ce. Don haka mu fara da gaskiyar magana. Babu shinkafar da ba ta jin fari. Akwai dai wadda ta fi wata dauriya, kuma ratar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce, domin takan sa wani ya cika rumbu alhali maƙwabcinsa ko kuɗin taki bai mayar ba. Aikin da ke gabanka shi ne ka gano wadda ta dace da irin farin da ke damun gonarka, ka gwada ta da hannunka, sannan ka nome ta yadda dauriyar za ta fito. Bayanin ya fi shafar mai noman shinkafar tudu da mai noman bakin fadama, wato waɗanda suka dogara da ruwan sama.

Mataki na farko: ka san wane fari ne naka

Fari ba iri ɗaya ba ne. Akwai na farkon damina, wanda ruwa zai sauka sau ɗaya ko biyu, a yi shuka, sai ya ɗauke, tsiro ya ƙone. Akwai na tsakiya, wanda ke zuwa bayan shuka ta kama ƙasa, ya yi kwana goma ko ashirin. Akwai kuma na ƙarshe, inda damina ke naɗe tabarmarta da wuri shinkafa ba ta gama cika ido ba. Kowanne da maganinsa. Iri mai saurin nuna yana tsere wa farin ƙarshe, amma idan fari ya same shi a tsakiya, ba shi da isasshen lokacin da zai murmure. Iri mai dogon zango kuwa yana iya shanye farin tsakiya ya sake yin 'ya'ya, sai dai ɗaukewar ruwa da wuri takan gama da shi.

Zauna ka tuna daminar shekaru biyar ko shida da suka wuce. A wane wata ne shinkafarka ta fi shan wuya? Tambayi dattawan da suka daɗe suna noman wannan fili, domin sun san inda ƙasa ke riƙe laima da inda take bushewa tun rana ba ta yi tsaka ba. Ka kuma saurari hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara. Takan faɗi lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa a kowace jiha, da wuraren da ake tsoron tsayawar ruwa a tsakiya. Hasashe ne, amma ya fi shuka a makance.

Akwai wani ƙaramin aiki da nake roƙon kowane manomin shinkafa ya yi. Nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne. Kafa shi a kan turke a fili, nesa da bishiya da rufin ɗaki. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, sa rula ka auna zurfin abin da ya taru, ka rubuta a littafi tare da kwanan wata, ka zubar. Santimita 1 a cikin gwangwanin daidai take da milimita 10 na ruwan sama. Ma'aunin da masana shinkafar tudu ke bayarwa shi ne ta samu kusan milimita 20 a duk kwana biyar, tun daga shuka har kusan mako biyu kafin yanka. Damina ɗaya ka yi wannan rubutu, za ka ga da idonka makonnin da gonarka ke kasawa.

Mataki na biyu: ka fahimci abin da ke sa wata shinkafa ta fi wata dauriya

Hanya ta farko ita ce saurin nuna, kuma a ƙasarmu ita ce ta fi ceton mutane. Ga lissafin. Daga lokacin da shinkafa ta yi fure zuwa nuna kusan kwana 30 ne, ko wane iri ne. Daga lokacin da zangarniya ta fara ƙulluwa a cikin kara zuwa fure, kwana 30 zuwa 35. Wannan tsakanin, daga ɗaukar ciki zuwa ƙarshen fure, nan ne shinkafa ba ta yafe ƙishirwa. Idan ruwa ya yanke tana ƙarama, za ta tsumure, amma idan ya dawo ta tashi. Idan ya yanke tana fure, ƙwayar ba za ta ƙullu ba, kuma ko teku aka juye mata daga baya ba za ta cika ba.

Ɗauki gona a yankin Kano, inda ruwa kan ja baya a ƙarshen Satumba. Ka shuka iri mai kwana 100 ranar 20 ga Yuni. Zai yi fure wajen 29 ga Agusta, ana tsakiyar marka, ya nuna wajen 28 ga Satumba. Ka shuka mai kwana 130 a rana guda. Shi sai wajen 28 ga Satumba zai yi fure, daidai lokacin da sama ke rufe baki, kuma yana buƙatar laima har ƙarshen Oktoba. Gona ɗaya, taki ɗaya, manomi ɗaya, amma na biyun ya shiga hatsari tun ranar shuka. Kafin ka sayi kowane iri, yi wannan lissafi da yatsunka: ranar shuka, a ƙara kwanakin nuna, a cire 30, a ga inda furen zai faɗa.

Hanya ta biyu saiwa ce. Yawancin saiwar shinkafar ruwa tana cikin taki ɗaya, wato zurfin kimanin santimita 20, na saman ƙasa, wurin da ke fara bushewa. Shinkafar tudu ta gaske tana da saiwa mai kauri da ke nutsawa ƙasa ta samo laimar da ta rage. Masu bincike na ƙasar Jafan sun gano ƙwayar halittar da ke sa saiwa ta miƙe ƙasa maimakon ta bazu gefe, suka sa mata suna DRO1, kuma sun samo ta ne daga wata tsohuwar shinkafar tudu ta manoman Filifin. Da suka sa ta a cikin irin da saiwarsa ba ta da zurfi, ya ci gaba da ba da amfani a farin da a da yake kayar da shi. An wallafa wannan aiki a 2013.

Hanya ta uku farfaɗowa ce bayan ruwa ya dawo, kuma a nan shinkafarmu ta gado tana da abin faɗa. Jar shinkafar nan ta Afirka, wadda aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara na ƙasar Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce, kuma har yau ake samunta a fadamun Sakkwato da Kabi, tana da naci. Tana rufe ƙasa da wuri ta danne ciyawa, tana jure ƙasa mara ƙarfi. Aibinta shi ne ba ta da yawan amfani, tana kwanciya, kuma ƙwayarta na zubewa tun kafin a yanka. Wannan ne ya sa wani masani ɗan Saliyo, Monty Jones, da abokan aikinsa a cibiyar binciken shinkafa ta Afirka ta Yamma da ke Kwaddibuwa, wadda yanzu ake kira AfricaRice, suka yi barbarar ta da shinkafar Asiya a shekarun 1990. Abin da ya fito shi ne NERICA, aikin da ya sa aka ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2004.

Mataki na uku: sunayen da za ka nema

A Najeriya, irin shinkafar da hukuma ta amince da shi yana ɗauke da sunan FARO da lamba, kuma cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi, kusa da Bida a jihar Neja, ita ke da alhakin shinkafa. Na tudu da za ka tambaya su ne FARO 55, wato NERICA 1, wanda aka saki a 2003, da FARO 56, wato NERICA 2, da FARO 58 da FARO 59, wato NERICA 7 da NERICA 8, waɗanda suka fito a 2011. Dukkansu masu saurin nuna ne, wata uku zuwa uku da 'yan kwanaki. FARO 55 tana da ɗan ƙamshi, kuma tana cikin waɗanda bincike ya nuna wuta-wuta ba ta cin su da sauƙi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai gonar tudu da ta gaji, domin fari da wuta-wuta tare suke tafiya. Akwai kuma FARO 46, tsohon irin tudu da manoma da yawa suka sani.

Ga inda mutane ke ruɗewa. FARO 44, wadda aka fi sani da Sipi, ita ce ta cika kasuwa, masu injin casa suna son ta, kuma tana ba da amfani sosai. Amma 'yar fadama ce da noman rani. Kai ta kan jigawa ka bar ta da ruwan sama kawai, ka zalunce ta ka zalunci kanka. FARO 52 ma 'yar fadama ce, kuma tana ɗaukar sama da wata huɗu. FARO 66 da FARO 67 kuwa, da aka saki a 2017, ambaliya aka yi su su jure, suna iya kwana da kwanaki a ƙarƙashin ruwa su tashi. Sau da yawa mai shago zai ce maka "mai jure sauyin yanayi ce", bai bambance maka ruwa ne ya yi yawa ko kuwa babu shi ba. Tambaye shi kai tsaye: ta tudu ce ko ta fadama, kuma kwana nawa take yi?

Manomin Nijar ya nemi shawarar cibiyar binciken noma ta ƙasar, INRAN, ko malamin gona na yankinsa, tun da sunayen iri a can daban ne.

Kada ka raina irin da ke hannunka ko na maƙwabta. Irin da ya shekara ashirin a ƙauye bai ɓace ba, akwai dalilin da ya sa ya tsira. Shi ne ma zai zama ma'auninka a gwajin da ke tafe.

Mataki na huɗu: samo iri na gaskiya, ka tabbatar yana da rai

Shanshera da ake aunawa a kwano a kasuwar hatsi abinci ce. Ko mai ita ya rantse NERICA ce, ba ka da hanyar tabbatarwa, kuma galibi gauraye take. Nemi iri ta hannun hukumar bunƙasa noma ta jiharku, kamar KNARDA a Kano ko JARDA a Jigawa, ko kamfanin iri mai rajista. Duba buhun ko yana da takardar shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, da sunan irin da ranar da aka gwada shi. Tun da gwaji za ka yi, kilo ɗaya na kowane iri ya ishe ka. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi ƙaramin buhu ku raba.

Mako biyu kafin shuka, ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba. Jiƙa tsumma mai tsabta ko buhun algarara, ka jera su, ka naɗe, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana bakwai ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka tsira da saiwa da toho. Idan sun kai 80, iri ya yi. Idan tsakanin 60 da 80 ne, ƙara yawan ƙwaya a rami. Ƙasa da haka, mayar wa mai shi.

Ana gobe shuka, zuba irin a bokitin ruwa ka motsa, ka kwashe duk abin da ya taso sama ka zubar. Wanda ya nutse ka bar shi ya kwana a ruwan, da safe ka tsane shi, ka baza a inuwa har ya daina manne wa hannu, ka shuka a ranar. Irin da ya sha ruwa haka yakan riga busasshe fitowa da kwana ɗaya zuwa uku, kuma ya fito bai ɗaya, saiwarsa ta riga ciyawa kama ƙasa. Sharaɗi ɗaya ne: ƙasa ta kasance da laima. Idan binne za ka yi a busasshiyar ƙasa, kada ka jiƙa, domin ka tayar da ƙwayar daga barci, kuma idan ba ta tarar da ruwa ba za ta mutu.

Mataki na biyar: shata filin gwaji

Gani ya kori ji. A shekarar farko kada ka ba sabon iri gonarka duka. Zaɓi sababbi biyu ko uku, ka haɗa da naka na gida. Kowanne ka yanka masa fili mita 6 tsawo, mita 6 faɗi, a jere, da ratar taku ɗaya a tsakani. Sannan ka maimaita wannan jeri a wuri biyu ko uku na gonar: can sama inda ya fi bushewa, tsakiya, da gangare inda ruwa ke kwanciya. A kowane jeri ka sauya tsarin, wanda ya zauna a gefe a nan ya koma tsakiya a can. Dalilin maimaitawar shi ne gona ba ta zama ɗaya. Idan ka shuka iri sau ɗaya tak, ya faɗa kan tsohon juji ko wurin da shanu suka kwana, za ka yaba masa alhali ƙasar ce ta yi aikin.

Kafa turke a kowane fili, ka rubuta sunan da fenti, ka kuma zana taswirar a littafinka, saboda yara da iska ba sa barin turke. A shuka duka rana ɗaya, taki ɗaya, noma rana ɗaya. Duk abin da ka yi wa ɗaya ka yi wa saura, in ba haka ba gwajin ya tashi a banza.

Mataki na shida: gyaran ƙasa da shuka

Iri mai zurfin saiwa ba zai amfane ka ba a ƙasar da ta daskare. Yi kaftu ko huɗa mai zurfin taki guda, ka farfasa hoge, ka baje wurin ya daidaita. Idan filin yana da gangare, ja ƙananan kunyoyi a gicciye, masu tsayin kamar taki ɗaya, su raba shi fangali-fangali, yadda ruwan sama zai tsaya ya nutse maimakon ya gudu da taki. A ganina wannan aikin kunya ya fi kowane abu arha cikin maganin fari, kuma shi aka fi yin sakaci da shi. Zuba takin gargajiya da ya ruɓe sosai tun kafin huɗa. Ƙasar da ke da taki tana riƙe laima kwanaki bayan ta maƙwabta ta bushe. Ɗanyen taki da karan da bai ruɓe ba kuwa gara suke kira, ita kuma gara ta fi ɓarna lokacin fari. Idan gonar rairayi ce zalla, wadda ruwa ke wucewa kamar an zuba a rariya, gara ka ba ta gero ko wake, ka kai shinkafar inda ƙasa ke da ɗan yumɓu.

Kada ruwan farko ya ruɗe ka. Jira a yi ruwa mai ƙarfi biyu ko uku a cikin mako guda, ka tona ka ga laima ta kai zurfin tafin hannu da yatsu, ka dunƙula ƙasar ta riƙe. Amma da zarar damina ta zauna kada ka ƙara kwana, domin duk ranar da ka jinkirta a Yuni, a Satumba za ka biya ta.

Shuka a layi ta fi yafi nesa. Sa igiya, santimita 20 zuwa 25 tsakanin layi da layi, 20 tsakanin rami da rami, ƙwaya huɗu ko biyar a rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya zuwa biyu, wato santimita 2 zuwa 4, ka rufe ka ɗan taka. Hekta guda takan ci kilo 50 zuwa 60 a haka. Shinkafar da aka cunkusa tana shanye laimar ƙasa da wuri, kowace tana ƙwace wa 'yar'uwarta. Bayan mako biyu ka cike gurbin da bai fito ba da abin da ka cire daga ramukan da suka yi yawa, a ranar da ƙasa ke jiƙe.

Taki na zamani: abin da aka saba ba mai shinkafar tudu shawara shi ne buhu huɗu na kamfa 15-15-15 a hekta lokacin shuka ko cikin mako biyun farko, sai yuriya buhu ɗaya da rabi zuwa biyu, a raba biyu. Rabin farko idan ta fara 'ya'ya, wajen mako uku. Rabi na biyu idan zangarniya ta fara ƙulluwa, wajen kwana 35 zuwa 40 ga iri mai kwana 100. Idan kana so ka tabbatar, tsige babban kara guda, ka tsaga shi da reza daga gindi zuwa sama. A saman gaɓa ta ƙarshe za ka ga wani ɗan farin abu mai laushi da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Zangarniyar ke nan tun tana jaririya, kuma daga ranar ne kwanakin hatsari suka fara.

Noman firi a mako na biyu zuwa na uku, maimai a na biyar zuwa na shida. Ciyawa ta fi shinkafa iya shan ruwa, kuma gonar da fari ya tarar da ciyawa a cikinta ta sha kashi biyu.

Mataki na bakwai: idan ruwa ya ɗauke

Yanzu ne gwajin ya fara magana, don haka kada baƙin ciki ya hana ka zuwa gona da littafi. Je sau biyu a rana, da sassafe da kuma tsakar rana. Shinkafa mai jin ƙishi tana naɗe ganyenta ya zama siriri, launinsa ya koma toka-toka. Naɗewar tsakar rana ba abin tsoro ba ce, dabara ce ta rage asarar ruwa. Abin dubawa shi ne safiya. Irin da ya kwana ya buɗe ganye, har ka ga ɗigon ruwa a bakin ganyen, saiwarsa tana samun laima. Wanda gari ya waye yana naɗe, ya kai bango. Rubuta ranar da kowane iri ya fara kwana a naɗe, da ranar da bakin ganyensa ya fara ƙonewa.

Idan shinkafar ta kai mako shida ko bakwai, sadaukar da gindi ɗaya daga layin gefe na kowane iri. Haƙa rami a gefensa mai zurfin kamu guda, ka ɓanɓare ƙasar a hankali, ka ɗauke gindin da ƙasarsa ka wanke a bokiti. Jera su a kan buhu ka kwatanta. Za ka ga wani saiwarsa ta yi tuma a sama, siririya, wani kuma tasa farare ne masu kauri da suka miƙe ƙasa. Kira maƙwabta su gani, domin mutum yakan shekara talatin yana noman shinkafa bai taɓa kallon saiwarta ba.

A kwanakin farin, riƙe yuriyarka. Zuba ta a busasshiyar ƙasa asara ce, iska za ta kwashe, kuma shukar da aka tura ta yi ganye da yawa ta fi saurin ƙonewa. Yawan yuriya tare da fari kuma yana buɗe ƙofa ga cutar nan da ke yi wa ganye tabo mai kaifin baki biyu da toka a tsakiya, wadda idan ta kama wuyan zangarniya sai kan ya bushe fari fat. Ciyawa kuwa a cire ta da hannu, a kwantar da ita tsakanin layuka ta rufe ƙasa, in dai ba ta yi 'ya'ya ba. Kada a shiga da fartanya a yi ta tonon ƙasa ana yanke saiwa.

Mai rijiya ko tafki kusa, wanda man injinsa bai wuce na ban ruwa ɗaya ko biyu ba, ya daure ya ajiye shi. Na san da wuya mutum ya ga ƙaramar shinkafa tana naɗewa ya kame hannu. Amma ruwan da aka ba ta daga lokacin da ciki ya kumbura zuwa mako guda bayan fitar kai ya fi kowane ruwa daraja. A ba ta da yamma, ya jiƙa ƙasa sosai. Fili na gwaji kuwa, ko dai a ba su duka daidai, ko a hana su duka.

Ranar da ruwa ya dawo, ƙirga kwanakin da kowane iri ya ɗauka kafin ya fitar da sabon ganye kore. Bayan kwana biyu ko uku da samun laima sai ka zuba yuriyar da ka riƙe, in dai kai bai riga ya fito ba. Sannan ka lura da fitar kai. Fari yana jinkirta fure, kuma irin da jinkirinsa ya fi kaɗan galibi shi ne mai dauriya. Duba kuma ko zangarniya ta fito gaba ɗaya, ko rabinta ya maƙale a cikin kube. Abin da ya maƙale ba ya cika.

Mataki na takwas: hukunci ranar yanka

Kore da kyan ganye ba su ne ake ci ba. Akwai irin da zai tsaya shar a cikin fari amma ya tashi ba ƙwaya. Yanka idan kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na ƙwayar zangarniya sun koma ruwan kara. Kafin lauje ya shiga, tsinko zangarniya goma daga tsakiyar kowane fili ba tare da zaɓen manya ba, ka murje, ka matsa kowace ƙwaya da farce, ka ware cikakku da fanko ka ƙirga. Aikin yana da cin rai, a sa yara su taya, amma shi ne ke nuna wanda furensa ya tsallake farin.

Bar rabin mita a kowane gefe, domin layin baki yana samun sarari da hasken da na ciki ba su samu ba. Yanke tsakiyar, mita 5 da mita 5. Buga kowanne daban a kan tamfol, sheƙe, shanya har ƙwaya ta ƙarye ƙas idan ka ciza, sannan ka auna a sikeli. Abin da ka samu ka ninka sau 400, shi ne amfanin hekta. Kilo 5 ya zama tan 2 ke nan, kilo 7 da rabi tan 3. Haɗa sakamakon jeri ukun na kowane iri, amma ka fi ba jerin sama nauyi, na wurin da ya fi bushewa, tun da abin da kake nema ke nan.

Kada ka yanke hukunci kai kaɗai. A kai kwano ɗaya na kowanne a gumi, a cashe, a dafa a gida. Uwargida za ta gaya maka wadda ke yin tuwo da wadda ke tsayawa warara, masu gumi za su gaya maka wadda ke karyewa a inji, ɗan kasuwa kuma zai faɗi abin da zai biya. Iri mai jure fari da ba mai saye ba zai daɗe a gonarka ba. Idan kuma aka yi sa'a damina ta yi kyau ba a ga fari ba, gwajin bai ƙare ba, ka san dai yadda suke a shekarar wadata. Maimaita baɗi. Ko bayan ka samu gwaninka, ina ba da shawarar raba gona tsakanin iri biyu masu bambancin kwanaki, yadda tsayawar ruwa ɗaya ba za ta same su duka suna fure ba.

Irin da ya yi nasara kana iya ajiye shi da kanka, domin shinkafa kanta take yi wa barbara, ba ta cika gaurayuwa da ta maƙwabta ba. Gaurayar tana zuwa ne daga masussuka, buhu da tamfol. Tun a gona, lokacin fitar kai, bi layi ka tumɓuke duk gindin da ya fi saura tsawo, ko ya riga su fure, ko launin ƙwayarsa ya bambanta. Yanke na iri daga tsakiyar fili kafin sauran, buga shi a tamfol da aka kakkaɓe, shanya shi ya bushe sosai, ka bari ya huce kafin ka ɗura a sabon buhu. Rubuta suna da shekara a takarda biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, ka ɗora buhun a kan katako nesa da bango. Bayan damina biyu ko uku ka koma wurin masu iri na hukuma ka sabunta.